Ƙyallen Labbo a Tsakiyar Bargona

Zuwa ga Luba, badon fadamata, ruwan randa da rana tsaka, gaurakiya mai takun ƙasaita cikin tsuntsayen gulbi, inuwar da nika gudu gare ta tun kaina na da baƙin gashi. Gaisuwa daga Argungu, daga ɗakin da kinka bari da tsohon da kinka bari cikinai. Ki gaishe mani da ɗiyarmu Sa'ida da maigidanta da yara, amma abin da ke cikin wagga takarda ba nasu ba ne.

Kin yi fushi, kin hau mota kin tahi Birnin Kebbi, wai ganin jikoki. Jikoki! Wa bai san don bargo kinka tahi ba? To ni ban aiko don in ce na yi kuskure ba, kin san ni. Na aiko don ki ji nawa, tunda ran nan ba ki tsaya ji ba.

Tun da kinka kama wanga ɗinki na haɗa ƙyallaye, me ban haƙura da shi ba? Tuwo ya ƙone kina zaune da allura, na ci shi haka nan. Na zauna bisa tabarma allura ta soke ni inda ba a faɗi, na tashi na zare ta na miƙa miki. In dawo daga gulbi a gajiye ina ba ki labarin ruwa, ke ko idonki na bisa zare, kina gyaɗa kai kamar da bango nika magana. Hannun nan mai dama mani fura ya koma shafar tsummoki! Duk na shanye, don ina ganin kina murmushi ke ɗaya in launi ya dace da launi, kuma murmushinki ya fi mani ruwan farkon damina daɗi.

Ran da kinka gama babban bargon kinka shanya shi bisa igiya, wallahi na yi alfahari. Sai ka ce fadamar Augie in an hange ta daga tudu, nan kore, nan ja, can ruwan ƙasa. Na gane zanen sunan Sa'ida. Na gane ɗankwalin marigayiya innarki. Na gane atamfar da nis sai miki shekarar da ruwa yac ci shinkafa. Sai idona ya kai tsakiya. Ga shuɗin zanenki wanda nika so, ga wata koriyar shadda mai ɗigo-ɗigo jikinai, an ɗinke su baki da baki, ɗinki ƙanana a matse, ko iska ba ta ratsawa. Luba! Shaddar Labbo! Ita yas sa ran Sallah, shina ta baza hannu filin idi kamar zalɓe mai shanya fiffike. Ban yi boko ba, amma idon da ke gane tarwaɗa cikin ruwan laka ba ya kasa gane rigar Labbo.

Kin ce telan bakin kasuwa ne yat tara miki ragowar yadi cikin leda, ba ki san na wa da na wa ba. Na ji. To don me ƙyallen Labbo bai faɗa gefe ba? Don me tsakiya? Don me jikin zanenki? Ni in kwanta, in ja bargo, mutumin da yay yi ta zarya ƙofar gidanku da keke shina neman aurenki ya hau mani ƙirji, manne da ke? Shi yas sa nid ɗauki wuƙar gyaran kifi nic cire shi. Zanenki ko zare ɗaya ban taɓa ba, ki zo ki duba.

Kuma wai laifina ne, kin roƙi tsohuwar rigata na hana. Na hana mana, riga na da sauran rai! Da kin gaya mani gurbin kusa da ke ne, da nan take na tuɓe ta na tsaya tsakar gida daga ni sai wando.

Kin manta ran da ƙayar kifin kurungu tat tsaga mani hannu bakin gulbin Matan Fada? Kina budurwa, kin zo wanki, jini na zuba, kinka kai haƙori bakin gyalenki kinka yage, kinka ɗaure mani, ba ki ko ɗaga ido kin dube ni ba. Labbo na tsaye riƙe da kekenai shina kallo. Ran nan wa kinka zaɓa, ya hasken idona? Ashe sai da furfura za a sake zaɓe?

Yanzu ga ni, ga bargo mai taga. Ɗarin gulbi ya shigo, kuma ta wanga rami yake samun ƙirjina daidai. Kajinki ba su son tsaba daga hannuna. Kwandon ƙyallayenki na rufe shi saboda ɓera. Gida ya yi tsit kamar tafki bayan masunta sun watse. Ni mai ƙorafin allura, jiya na tsinci guda ƙarƙashin tabarma, na daɗe ina juya ta a hannu kamar wanda bai taɓa ganin allura ba. Haba zumata, haba sanyin asubata, har yaushe?

Yau dai na yanke hannun rigata, na toshe ramin da basilla da zaren tarun kamun kifi. Ya yi muni, ya tattare kamar bakin buhu. Maigandi maƙwabcinmu ya leƙo ya gani, ya yi dariya har da tari. Ki dawo ki warware, ki maida shi da wannan ɗinki naki mai kama da jerin tururuwa. Amma nawa ne zai zauna nan jikin naki, wannan kam babu ja.

Ƙyallen Labbo ban ƙone shi ba, ko da raina ya so. In zuciyarki ba ta jure asarar yadi, na yarda ki maida shi, amma can ƙasa, wajen ƙafa, inda fasona zai riƙa gaishe shi. Iyakar abin da zan iya ke nan, kuma duk Kabi babu wadda zan yi wa haka sai ke.

Naki ke ɗaya, har ranar da za a lulluɓe ni da farin ƙyallen da ba a haɗa shi da na kowa,

Dankure