Lambar Falmata Tana Karanta Saƙonninmu

Zuwa ga Manjo, shugaban zauren WhatsApp na tsofaffin ma'aikatan jinya na jihar Diffa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya ƙara girma, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka.

Ni ce Hadiza, wadda ka sani tun tana sabuwar shiga aiki, ko jijiya ba ta iya samu ba tukuna. Yau shekarata goma sha takwas cikin farar riga, bakwai daga ciki a ƙauyukan bakin kogin Komadugu. Ba halina ba ne in ɗauko maganar cikin gida in baje ta a fili. Sau uku na same ka a buro, ofishinka, da wannan batu, sau ukun ka sa aka kawo mini shayi, ka ce in yi haƙuri. Shayin ya yi daɗi, Manjo, haƙurin ne ya ƙare. Na sa takardar a fili ne domin zaurenmu ba shi da sauran sirri. Wanda nake kuka da shi yana cikinsa, kuma na san zai riga wasunmu karanta abin da na rubuta.

Na ɗaya. Ina so in tuna maka yadda muka kafa zauren. Lokacin nan an hana babur saboda rashin tsaro, hanyoyi sun lalace, mutum yana gidan likita na ƙauye shi kaɗai, ba dokta, ba wanda zai tambaya. Kai ka kawo shawarar, kuma kai ka gindaya sharaɗi: ba mai shiga sai wanda ya yi shekara goma yana aikin jinya, kuma sai mutum biyu sun shaide shi. A nan muke faɗin abin da ba ma faɗa ko a gida. Maganin da ya ƙare, hanyar da ba ta biyuwa, wanda ke gadi, wato kwanan aiki, a ina, ranar da mota za ta fita rigakafi. Zauren nan ya ceci rayuka, ni shaida ce.

Daga baya sai ƙofa ta saki. Wannan ya sa ƙaninsa mai karatu, waccan mijinta ne ke riƙe mata salula, har wani mai sayar da magani a tire a kasuwar tattasai na taɓa gani yana gyara wa ungozoma magana. Na yi ta ƙorafi har aka sa mini suna Jandarma. Ban damu da sunan ba. Waɗannan duk mun san fuskokinsu, in sun yi shirme ana iya zuwa a ja musu kunne. Ba a kansu na ɗauki biro ba.

Na biyu. Falmata. Saboda waɗanda ba su san ta ba, ita ce shugabar wani ƙaramin gidan likita gabas da Geskeru, kuma ta girme ni a aiki da shekara huɗu. Ita ta koya mini sa wa jariri ƙarin ruwa ta jijiyar kai. A bazarar bara, lokacin da ruwan kogi ya janye har ana tsallakawa da ƙafa, mutanen daji masu bindiga suka shigo garin ranar kasuwa da la'asar. Sun kwashe ɗakin magani kaf, sun tafi da ita, da salularta. Daga ranar ba wanda ya sake ganinta. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya kira ya nemi wani abu.

Wata huɗu lambarta shiru. Rannan na sa sanarwar awon ciki a zaure, sai na danna in ga waɗanda suka karanta, kamar yadda na saba. Sai ga sunanta a cikin jerin, da hotonta na nan mai koren kallabi. Ina tsaye ne a bakin famfo, sai da na zauna a ƙasa. Na kira, ta shiga, ta yi ƙara sau biyu, aka katse. Na sake kira aka sake katsewa. Tun daga ranar duk abin da muka rubuta, lambar tana karantawa, kusan kullum tsakanin azahar da la'asar, kamar mai ita sai ya yi tafiya zuwa inda ake samun rezo, inda salula ke kamawa.

Na uku. Bayan ƙaramar salla sai lambar ta fara magana. Saƙon farko ba sallama, ba gaisuwa. Hoto ne na ƙaramar kwalbar allura mai gari a ciki, ƙarƙashinsa an rubuta: "Wannan da wane ruwa ake haɗawa?"

Manjo, ka san Falmata kamar yadda na san ta. Ba ta rubutu in ba dole ba. Murya take turowa, ta fara da gaisuwar Barebari mai tsawo har sai an ce mata ta taƙaita, sannan ta zuba Hausarta mai karkata tana dariya. In kuwa ta rubuta, da Faransanci take yi. Kuma matar da ta haura shekara ashirin tana allura ba za ta tambayi ruwan da ake haɗa garin allura da shi ba, ko cikin barci aka tashe ta. Tambayoyin da suka biyo baya duk irin wannan ne. Ko a jijiya ake yi ko a tsoka. Ko ciwon da ya yi baƙi yana wari ana ɗinke shi. Ko ƙwaya nawa ake ba mutum in ƙarfe ya shige masa cinya bai fito ba. Wannan ba tambayar ma'aikacin jinya ba ce, tambayar mutum ce da ya tsinci kansa da kwalayen magani da majinyata, bai san ta inda zai fara ba.

A jikin kwalayen da yake ɗauka hoto akwai rubutu da jan alƙalami, ranar da magani zai lalace, an ja layi biyu a ƙasa. Hannunta ne. Ita kaɗai ke jan layi biyu.

Abin da ya fi muni shi ne ana amsawa. Waɗanda suka shigo daga baya, da waɗanda aka kawo daga Damagaram ba su san labarin ba, sun ga suna da hoton babbar mace, sai su rubuta: "Tanti Falmata, ga yadda ake yi." Su yi bayani dalla-dalla, har da fatan alheri. Mu da muka sani kuma mu yi tsit, kowa na kallon salularsa, ba mai iya cewa komai, domin duk abin da ka faɗa shi ma yana gani.

Na huɗu. Na san dalilinka, kuma ba na raina shi. Ka faɗa mini a buro, idonka ya kawo ruwa. Ka ce mahaifiyarta, Ya Bintu, takan taso daga Gagamari duk ranar kasuwa, ta zauna a bencin ƙofarka, ba ta neman komai sai ka buɗe salula ka nuna mata cewa lambar ta karanta. Ba ta iya karatu ba, amma ta gane alamar. In ta gani sai ta ce alhamdulillahi, ta ɗaure gyalenta ta koma. Ba a yi wa Falmata salla ba, ba a yi sadakar uku ba balle ta arba'in. 'Ya'yanta har yau in an tambaye su cewa suke mamansu ta yi tafiya. Ka ce mini: "Hadiza, in na cire ta, ni na kashe ta. Ba da yatsana ba."

Na fahimta. A wurinmu ba a cire mutum daga zaure sai an dawo daga maƙabarta. Haka muka yi wa duk abokan aikin da suka riga mu, a sa hotonsu, a yi addu'a kwana uku, sannan a cire lambar. Ba mu taɓa tanadin abin da za mu yi da wanda ba a binne ba.

Amma ga abin da na kasa faɗa maka ido da ido. Da Falmata tana raye a hannunsu, da ba su tambaye mu komai ba. Ita za su tambaya. Duk saƙon da ya fito daga lambar nan, ni ba alamar rai nake gani ba, shaida nake gani cewa ba ta wurin. Na daɗe da sanin haka, na yi kukana ni kaɗai a ɗakin awo na share ido. Abin da kake nuna wa Ya Bintu duk mako ba 'yarta ba ce, yatsan wani ne.

Na biyar. Yanzu sai laifina, don kada a ce na wanke kaina na shafa wa wasu. Mako uku da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na rana, lambar ta rubuto: "Mace ta haihu, mabiyiya ta fito, jini ya ƙi tsayawa." Ga hoton allurai iri huɗu a kan tabarma, a gefen hoton kuma ana ganin ƙafar mace, da lalle a tafinta. Ba wanda ya amsa. Na ajiye salular, na ɗauka, na sake ajiyewa. Na san abin da minti goma ke yi wa mace mai zubar da jini, na sha ganinsa a hannuna. Ban san ko matar waye ba, ban san ko da ƙafarta ta je can ko ɗauke ta aka yi kamar 'yar'uwarmu ba. Sai na rubuta. Na ce a murza mata mara da ƙarfi kada a daina, a sa mata jaririn a nono, na nuna allurar da za a yi mata a cinya, duk da na san allurar ta fi shekara ba ta ga firji ba, Allah kaɗai ya san ko da sauran ƙarfinta.

Ban yi nadama ba, kuma in aka sake maimaitawa ban san ko zan iya kame hannuna ba. Wannan shi ne abin da nake so ka gane. Muddin lambar tana ciki, za a ci gaba da ɗora mana irin wannan zaɓi, mu kuwa ba a koya mana yin shiru a gaban jini ba.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo mini, ba ta zaure ba, ta lambata kai tsaye. "Ta tashi. An gode, Malama Hadiza." Falmata ba ta taɓa kirana Hadiza ba, Dije take cewa. Ban amsa ba. Washegari wani ya biyo: "Kin iya aiki. Muna da masu ciki da yawa." Shi ma ban amsa ba. Ranar Lahadin nan da ta wuce ka sa jadawalin fita awon ciki na wannan wata a zaure, kamar yadda ka saba, da sunan kowa da garin da za shi. Ba a yi awa ɗaya ba na uku ya shigo: "Ke ce ranar Alhamis?"

Tun ranar, in mota ta tsaya a ƙofar gidan likita sai na leƙa in ga ko waye. Majinyaci namiji in ya shigo da rawani, hannunsa nake kallo, ina tunanin ko wannan ne yatsan. Ina jin tsoro, Manjo, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ga abin da nake roƙo.

Ka cire lambar Falmata daga zauren yau, ba gobe ba. In yatsanka ya ƙi, ka ba ni ikon shugabanci na minti ɗaya, ni zan danna, alhakin ya hau kaina.

Kafin ranar kasuwa mu je Gagamari tare, ni da kai da limamin unguwarsu, mu zauna da Ya Bintu mu faɗa mata gaskiya. Kada ta zo ta zauna a benci a buɗe salula ta ga wayam. Ta cancanci ta ji daga bakin mutane, ta yi kukanta, a yi wa 'yarta abin da ake yi wa Musulmi.

A rufe wannan zaure gaba ɗaya a buɗe sabo, a koma kan sharaɗin farko, kowa ya shigo da muryarsa da shaidunsa biyu. Ƙanne da mazaje da masu tire su yi haƙuri, a buɗe musu nasu in ana so. Jadawalin fita kuwa a daina sa shi a salula, a koma faɗa wa mutum baki da baki. Abokan aikinmu na sauran wurare da wannan takarda za ta isa gare su, ku buɗe jerin sunayen zaurenku ku duba ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi kanku yaushe rabon da ku ji muryar kowane.

Kai kuma da ke riƙe da salular Falmata, tunda na san kana karantawa: ban san sunanka ba, kai ka san nawa. In akwai sauran tsoron Allah a zuciyarka, ka rubuta mana inda kuka sa ta. Tana da uwa.

Manjo, ban rubuta wannan don in ci maka fuska ba. Ka riƙe mu da amana shekara da shekaru, tausayi ne ya ɗaure maka hannu, ba sakaci ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka ƙarfin zuciya, ya tsare ka da zuriyarka. Allah ya ji ƙan Falmata inda take kwance, ya ba mahaifiyarta dangana, ya dawo mana da zaman lafiya a bakin kogin nan.

Na nemi a canza mini rana, an ce ba wanda zai karɓe ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Akwai mata masu ciki da aka riga aka sanar, wasu za su taso da ƙafa tun daga gonakin tattasai. Saboda haka ranar Alhamis zan tafi, in Allah ya yarda. In na dawo, zan biyo ta buro in gaishe ka. In ban dawo ba, kada ka jira alama. Ka cire lambata a ranar, ka je ka faɗa wa mahaifiyata da bakinka.

Wassalam.

Taka a aiki,
Hadiza, ma'aikaciyar jinya, bakin Komadugu.