Robar da Ta Dawo da Mafarki

Manga, Zuru
4 ga Yuni, 2006

Zuwa ga 'yata Theresa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin asibiti lafiya. Robar bakin da likitan haƙorinku na Kaduna ya auna mini don barci ta zauna daram, duk da dariyar da ya yi wa fiƙaƙƙun haƙorana. Tana turo haɓata gaba kamar ɗan akuya mai fushi, amma minshari ya tafi, numfashina ya daina yankewa. Maƙwabta sun ce har sun zaci na ƙaura.

Ga abin da likitanku bai faɗa mini ba. Shekara da shekaru ba na mafarki, yanzu ya dawo. Ina ganin kaina a gonar surukaina ina noman golmo, shekarun da na yi domin a ba ni uwarki. Dawa kore shar, ga uwar taki, Alice, tana gangarowa daga kan dutse da tulu a kafaɗa. Kullum sai ta ƙara matsowa kaɗan. Ban kai ga ganin fuskarta ba, kuma da kunya nake gaya miki na manta ta.

Haƙori ɗaya na ƙasa yana ɗan motsi, ba wani abu ba ne.

Ubanki,
Japhet

Kaduna
19 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Haƙori mai motsi abu ne. Likita ya ce ka cire robar yau, ka riƙa kwanciya ta gefe, ka zo ya duba. Haƙoran nan take kamawa; in suka zube, an gama da ita, numfashinka ya koma yankewa. Ba ni da kowa sai kai.

'Yarka,
Theresa

Manga
2 ga Yuli

Theresa,

Gaisuwa. Na ji, tsohon soja ya san oda. Na cire ta kwana biyu, ban ga komai ba sai duhu, na mayar. Uwarki ta ƙetare rafi. Kunyar noma goma sha biyu ce tsakaninmu, na ƙirga. Jiya iska ta ɗaga gyalenta, saura kaɗan. Ina kewarta ƙwarai. Ki yi mini haƙuri da mako biyu.

Ubanki

Kaduna
11 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Mako ɗaya, daga nan ni da kaina zan zo Zuru in ɗauke ka. Ban gaya wa likita ba.

In ta iso, ka dube ta da kyau saboda ni. Ka kuma faɗa mata sunana, tunda ta rasu ba ta kai ranar suna ba.

Allah ya tashe ka lafiya.

Theresa