Bindigar da Baba Ya Sayo a Nikki

Perere,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Woru,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ka. Ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sauƙaƙa maka zaman Gabon. Mu nan lafiya lau. Doya ta yi kyau bana, Inna ta warke daga ciwon gwiwar nan har tana daka sakwara da kanta, matar ƙaninmu Sabi kuma ta kusa sauka. Saƙonka ya iso cewa za ka zo bikin rufe makokin Baffa Gunu a watan gobe, kowa yana murna, ban da ni. Yaya, tsoro nake ji kada Baba ya kashe ka da hannunsa a wajen bikin nan.

Bayan an sayar da auduga Baba ya je Nikki ya dawo da wata tsohuwar bindigar Turawa. Wani mutum mai suna Kora ne ya sayar masa, wai ubansa ya gaje ta wajen Baturen da ya yi wa aikin kuku. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ƙotarta ta tsage an ɗaure da waya, amma harsashi biyar take ci, in an harba ɗaya ta tofar da kwanson ta ɗura wani da kanta. Ya yi mata takarda wajen jandarma, ya rataye harba-rugarsa mai harbi ɗaya tak a rumbu. Kullum yana shafa mata mai yana kiranta amarya, Inna tana cewa Allah Ya ba su zaman lafiya, ita dai kada amaryar ta shigo mata ɗaki.

Makon jiya aka yi makokin wani maharbi a Kalale, na bi su Baba. Baba ya shiga fili ya ɗaga ta sama, ta yi tsawa a jere har mata suka toshe kunne, sai ta yi shiru. Shi a saninsa bindigar da ta yi shiru ta gama magana, haka ya saba tun kafin a haife mu. Ashe tsufa ne ya sa ta cije da sauran ɗaya a ciki. Ya kama rawa yana juya ta a kan jama'a, ya nufi magajin mamacin da ke durƙushe don ya ɗora masa bakinta a ƙirji yadda ake yi. Saura taku kaɗan ya buga gindinta a ƙasa, sai ta tashi. Wallahi Yaya, ganyen mangwaro ya zubo mana kamar ruwan sama, Tamu makaɗi ya yar da ganga ya kwanta rub da ciki yana salati. Su kuwa maharba sai shewa, wai bindigar Baba ta fi tasu ladabi, har da sallama take yi kafin ta zauna.

Da muka dawo na durƙusa na roƙe shi ya sa harsashi ɗaya tak ranar bikin Baffa, ko ya koma wa harba-rugarsa. Ya ce ɗan'uwansa ciki ɗaya ba zai tafi da harbi ɗaya kamar na kowa ba. Na ce to ya buɗe ya duba cikinta kafin ya fara rawa. Nan ya hau ni da faɗa, wai yaushe na ga maharbi yana leƙa bindigarsa a gaban taro kamar ɗan koyo, so nake a yi masa waƙa a kasuwa? Ya ce in je in ji da tukunyata, mai bakin tsiya. Na nemi in sace harsasan, ashe a lalitarsa yake yawo da su.

Kai Baffa ya riƙa, kai ne magajinsa, ƙirjinka za a ɗora wa wannan tsohuwar banza. Da na ɗauki biro niyyata in ce ka yi ƙaryar ciwo ka yi zamanka. Amma jiya Sabi ya ce in ba ka zo ba shi zai durƙusa, ba za a ce gidanmu an rasa namiji ba. To wa zan zaɓa a cikinku? Don Allah ka taho da wuri, tun kafin baƙi su cika gida. Baba yana jin kunyarka, kai kaɗai za ka iya karɓe ta daga hannunsa. In kuma ya ƙi, na riga na yanke shawara, ranar zan ratsa fili in durƙusa a gabanka, ya ɗora ta a kaina in zai iya.

Ka gaishe min da matarka Dado, da yara su Beru da Saka, da Kawu Lafiya in kun haɗu. Inna tana gaishe ka, ba ta san abin da na rubuta ba. Ka kira ni da zarar ka karanta, amma ba ta wayar Baba ba.

Ƙanwarka da ke jiran isowarka,
Bake