Ƙaramin Lagireto Daga Duwala

Ngaundere, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Astajam,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya aikin asibiti, yaya ruwan Duwala da ba ya ɗaukewa? Ina fata tarin nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau, sai dai uwar da ta haife ki, Dadarki, fushi take da ni da ke.

Saƙonki ya iso ta jirgin ƙasa. Da na buɗe kwalin na zaci abin gasa nama kika aiko mini. Sai da na kai wa Zaoro bakanike ya ce ƙaramin lagireto ne na sanyaya man giya. A nan na gane shi ya buga miki waya a ɓoye. Na yi masa faɗa a baki, amma a raina godiya nake.

Tunda kin ji rabi, ga sauran. Ranar kasuwar Mbe na ɗauko fasinja da doya. Muna tsakiyar hawan dutse sai wani ƙauri ya tashi, inji yana ihu, mota ba ta gaba. Man giya ne ya tafasa. Fasinja suka sauka suna saka duwatsu a bayan taya, ni kuwa ina tsaye a kan sandata ba abin da na iya. Wata mata ta ce, "Direba ƙafa ɗaya, mota ma ƙafa ɗaya?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Shugaban tasharmu ya ce in aka sake, ba ni ba lodin Mbe. Kin san tun da aka yanke mini ƙafar hagu ba ni da abin taka kuloci. Wannan motar mai canja giya da kanta ita kaɗai ta rage mini. Dadarki da Baffa Yerima sun ce in sayar, in zauna a shagonsa ina auna gari. Astajam, ban iya zama ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Hamajoda

Ngaundere, ranar Asabar

'Yata Astajam,

Ina gaishe ki, ina gaida ƙawayenki na aiki. Ya jiki?

An ɗaura abin. Zaoro ya rufe garejinsa yini guda saboda ni. Ya cire gaban motar, ya kafa ƙaramin lagireton a gaban babban, inda iska za ta riƙa dukansa. Wai mai zai fito daga giya da zafinsa, ya bi ta babban, ya bi ta naki, sannan ya koma a huce. Saura a gane wane tiyo ne ke mayar da man. Ya zare ɗaya ya ce in tada mota in kashe nan take. Na tayar. Jan mai ya feso masa a fuska kamar zoɓo, har cikin gemu.

Ya yi ihu, "Kashe, Bafillacen da ba shi da ko akuya!"

Na ce, "Tuwon rogo ya toshe maka kunne, ai na kashe tun ɗazu."

Rabona da dariya irin wannan tun kafin asibiti.

Ya ɗaure tiyo, ya kauce da su daga bakin fanka, ya ƙara mai, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya zauna yana gadi ko zai ga ɗigo. Babu. Na zura hannu a aljihu zan biya shi, ya ce in na fito da kuɗi zai kwance kayansa. Ya ce, "Wanda ya kai uwata asibiti a bayan motarsa tana amai, shi zai biya ni?" Wallahi ni na ma manta da wannan.

Da na koma gida na tarar Dadarki tana tuƙa tuwon masara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai da 'yarka da Zaoro kun haɗa kai, za ka koma dutsen da ya ci ƙafarka." Ita ta yi jinyata, tana da haƙƙin faɗa.

Ranar kasuwa zan gwada. Ki sa ni a addu'a.

Babanki,
Hamajoda

Ngaundere, ranar Alhamis

'Yata, farin cikina,

Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Zauna ki karanta.

Da safe na fito na tarar da mutum a kujerar gaba. Dadarki ce, da lulluɓinta da kwandon cefane a cinya. Kin san rabonta da shiga motata tun hatsarin. Na ce, "Dudu, ina zuwa?" Ta ce, "Doya zan saya. Ko an hana?"

Gangarawa ba wuya. A Mbe na yi lodi kamar kullum, ban rage ko buhu ɗaya ba, don in za a gwada a gwada da gaskiya. Rana ta take muka kama hawa. A kwanar farko na ji giya ta sauya a hankali. Na buɗe hanci ina neman ƙauri, ba komai sai warin busasshen kifin wani fasinja. Muka tarar da wata babbar mota tana rarrafe, dole na bi bayanta, kuma irin wannan jan jikin ne ke dafa mai. Gumi ya jiƙe mini riga.

Muka zo kwanar da kika sani, inda aka ciro ni daga ƙarƙashin ƙarfe. Ban kalli Dadarki ba. Sai na ji hannunta ya tsallako har kan guntuwar cinyata, ta danne da ƙarfi kamar ita ke taka wa motar wuta. Bakinta yana motsi. Haka muka wuce.

A sama na tsaya na duba man. Ja yake, ba ƙauri. Fasinja suka ce, "Sannu direba!" Na jingina da mota, idona ya kawo ruwa, na ce ƙura ce. Da na koma ciki na leƙa kwandon Dadarki. Ko doya ɗaya babu.

Na ce, "Ina doyar?"

Ta ce, "Ta yi tsada. Sai mako mai zuwa."

Zaoro ya ce in riƙa duba tiyo kowace safiya, kuma ina yi. Shugaban tasha ya mayar da ni layi. Baffa Yerima ya sami wani mai auna masa gari.

Astajam, na rasa kalmar da zan gode miki. Na ɗauke ki a wuya kina ƙarama, yau ke kika haurar da ni dutse. Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Dadarki tana tsaye a kaina, ta ce in rubuta cewa har yanzu fushi take, kuma wai ki daina tsallake abincin rana.

Babanki mai sa miki albarka kullum,
Hamajoda