Sulemana Ya Makara

Yendi, daren Alhamis, 1991

Yau aka raɗa wa jikana suna Abdulkarim. Na riƙe shi har hannuna ya gaji, ban so a karɓe shi ba. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, amma ga shi na kasa barci.

Sulemana ya iso daga Bawku da rago, wai ya zo mayar da matarsa. Ya saki 'yata Hajara tana da ciki, a kan faɗan da su kansu ba sa tuna farkonsa. A zatonsa yana da sauran lokaci. Malam ya gaya masa haihuwa ta ƙare idda, sai dai sabon aure, in ta yarda. Na tambaye ta. Ta ce, "Baba, da ya zo ko ina naƙuda ne, da na bi shi. Yanzu a bar ni."

Bayan isha'i na shiga gidan bidiyo don in huta. Fim ɗin na ban dariya ne: miji da mata suna jifan juna da kwanuka, ta kwashe kayanta, ya bi motarta da gudu da takalmi ɗaya, ta sauko. Kowa na dariya, har ni. Da aka kunna fitila sai na ga Sulemana a ƙarshen bencina, yana share ido da hularsa. Ya zabura zai tashi don kunyar suruki. Na ce, "Zauna, ɗana." Muka zauna tare har aka rufe.

Motar Bawku da asuba za ta tashi. Hajara ta ce kada a tashe ta.