Igiyar Awo a Kan Rufina

Sintali, Jalingo
9 ga Maris, 1997

Zuwa ga Adda Hajaratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ciwon ƙafarki ya yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Adda, kin san tun shekarar da aka ba mu jiha ban ƙara ganin igiyar awo na ji daɗi ba. Da ita wasu suka shiga gonar Baffa ta Mayo Gwoi, suka ce dubawa kawai za su yi. Yau gidajen baƙi ne a wurin.

To, igiyar ta sake zuwa. Wani Hambali, mai haɗa wutar sola, ya jingina tsani a bangona ya hau yana awon kwano. Wai wata ƙungiya ce ta ba unguwa faranti mai zuƙar rana, da batir da talabijin, mutanen majalisata kuma suka zaɓi rufina don babu bishiya kusa. Shekara nawa suna zama a tabarmata da la'asar ina juya musu jarida zuwa Hausa da Fillanci, amma ba wanda ya shawarce ni? Wai so suka yi su ba ni mamaki. Ni na koyar da lissafi. Na san farantin bai kai faɗin ƙofa ba. Me ya kai shi awon rufin gaba ɗaya? Ya ce ƙarfin katako yake dubawa. Na sa ya sauko, na ce kada ya dawo.

Ki gai da Balaraba.

Ƙanenki,
Njidda

Sintali, Jalingo
27 ga Afrilu, 1997

Adda,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki cewa in yi haƙuri in kira su. Ko ke ma sun riga ni zuwa wurinki ne?

An kafa abin a rufin maƙwabcina Manasseh, tsohon ma'aikacin asibiti. Na tsaya ta katanga na ga yadda suka huda kwano, suka karkata farantin kudu, suka ja waya zuwa zaure. Da gaske yana kawo wuta, wannan ban musa ba. Gidan kuma har yau yana hannunsa. Amma gonar Baffa ma ba ranar awo aka ɗauke ta ba.

Manasseh ya zo da kansa, ya ce sun ajiye mini kujera a gaba, wai in riƙa fassara musu labarun Turanci. Murmushinsa ya yi yawa. Ina jin tun farko gidansa suke so, sun san zan ƙi, shi ya sa suka fara da ni. Ban je ba.

Jiya na shimfiɗa tabarma yadda na saba, na ɗora jarida a cinya. Ina jin dariyarsu ta katanga, har ina gane muryar kowa. Na zauna har aka kira magariba. Ba wanda ya zo, Adda. Majalisata ta tashi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanenki,
Njidda