Hannun Inna na Dama

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Ni ina nan yadda kika san ni, ba ciwo, ba kuma wani daɗi, alhamdu lillahi.

Na zaɓi rubutu ne saboda waya ba ta da amfani a gidanmu. Da na kira Inna za ta karɓe, ta ce lafiyarta lau, ta hau tambayata ko na rame, har mu yi sallama ban ji komai ba. Don haka wannan ki karanta ke kaɗai.

Maganin hawan jinin da na aiko na wata uku ne, ga shi kin ce ya ƙare ko rabin lokacin bai kai ba. Ba sai na tambaya ba, na san inda ya tafi. Yana cikin gwangwanin nan na bakin taga, duk matar da ta shigo riƙe da kai sai Inna ta ɓalle mata biyu. Haka take tun muna yara. Da ana ciro haƙori a ba maƙwabci aro, da tuni bakinta fayau yake.

Auta, kin san aikina. Tun safe nake tura marasa lafiya a keke, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin motsa gaɓoɓi, ta wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Yawancin waɗanda nake turawa ɓarin jikinsu ne ya shanye. Ni ke ɗora musu ƙafar da ta mutu a kan matakin keke, ni ke goge musu yawu. In bakinsu ya buɗe, labarin kusan ɗaya ne: sun ji sauƙi, suka daina sha. Ciwon nan ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yana jin kansa garau jininsa na can sama.

Saboda haka ki ɗauke gwangwanin. Ki riƙa ba ta ɗaya kowace safiya a gabanki. Ki rage mata gishiri da dunƙule a miya, ki kuma sa ta riƙa takawa zuwa bakin titi da yamma. Matan unguwa kuwa ki gaya musu wannan ba maganin ciwon kai ba ne, wadda jininta bai hau ba in ta sha jiri zai iya kayar da ita a bakin murhu.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan alheri. Yaya yara, yaya haƙuri da tsohuwa? Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bayan ɗakin ajiye kekuna.

Kin ce tunda kika kulle maganin Inna ta daina kiran ki Auta, sai dai "likitan gidan nan", kuma in kin miƙa mata ƙwaya sai ta ce wai a ba ta rasit. Ki yi haƙuri. Na san ni na ba da umarni daga nesa, ke kike shan harara a kusa. Wannan ba adalci ba ne, na kuma sani.

Maganar da ake yi a unguwa ma ta zo min, wai ɗan Inna ya tafi ya koyo rowa. To, madalla. Shekarun nan da na yi ina kwana a ɗaki ɗaya da mutum uku, bayana na ciwo kamar an doke ni da taɓarya, ba wanda ya aiko yana tambayar yadda nake samo ƙwayar da suke haɗiya kamar alewa. Sun fi sanin hanyar gwangwani a kan hanyar asibiti. Ba na riƙe su a zuciya, amma ba zan ce miki bai yi min zafi ba.

Sai maganar matar tela ta gidan kallonmu. Kin ce kullum da safe tana shigowa, ƙeyarta na sara, idonta na ganin duhu-duhu, ta zauna a bakin gadon Inna tana dafe kai. Matar nan ta goya ni, ban manta ba, kuma tun rasuwar mijinta ba ta da wani sai Allah sai Inna. Amma abin da take bukata awo ne. Ki ce mata ta je a gwada jininta. In ta ce tsoron allura take, ki gaya mata ba allura a ciki, ɗan ƙyalle ne ake ɗaura wa a dantse ya matse ya saki.

Allah ya ba mu ikon yi musu biyayya, ya kuma ba su ikon jin magana.

Yayanki.

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Yaya kuka ƙara ji da tashin hankali? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce.

Kafin komai, ki daina kuka kina cewa laifinki ne. Wa zai ce tsohuwa za ta kai hannu baki, ta kurɓi ruwa, ta yi miki haɗiya har da lumshe ido, alhali ƙwayar na maƙale tsakanin yatsunta? Da ba don kin kwance ƙullin bakin zanenta a asibiti kin ga ƙwayoyin a ciki ba, da har yau muna zagin maganin muna cewa jabu ne. Ni na ce ki kulle gwangwani, kin kulle. Zanenta ne ba wanda ya yi tunaninsa. Kuma kin yi abin da ya fi komai: kina ganin bakinta ya karkace, maganarta ta harɗe, ba ki tsaya shafe-shafe ko jiran maigidanki ba, kika nemi mota. Da kin bari zuwa yamma, da wata takardar nake rubutawa.

Na nemi hutu, an ce sai an sami wanda zai riƙe min kekuna. Ranar da kika kira, wata tsohuwa nake turawa, hannunta na dama na lilo a gefen keke. Na ɗauko shi zan ɗora mata a cinya, sai na kasa saki. Muka tsaya a tsakiyar baranda har sai da ita ta dube ni da tausayi.

Ba zan ɓoye miki ba, da na ji matar tela Inna ke tara wa maganin, na faɗi maganganu a kanta waɗanda ba zan rubuta ba. Sai kika ce ita ke kwana a ƙasa a gefen gadon asibiti, ita ke wanke mata kayan da suka ɓaci, kuma da ma'aikaciyar jinya ta matsa mata aka gwada ta, nata jinin ya fi na Inna hawa. Ashe Inna ta gane ciwon aminiyarta tun kafin kowa. Abin da ta kasa ganewa shi ne ƙwaya ɗaya ba ta rabuwa tsakanin mutum biyu. Ita ba ta sha ba, waccan kuma yau a samu gobe a rasa.

Ki rubuto min duk abin da likita ya ce.

Yayanki.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Sannunku da dawowa gida, sannu da ɗawainiya. Allah ya saka miki da alheri, ke da maigidanki.

Abin da kika rubuto ya fi ciwon kansa tayar min da hankali. Kin ce ƙafa ta fara takawa, baki ya soma daidaita, amma hannun dama ta ƙi ko gwada shi. Kin kawo mata ƙwallon roba ta matsa, ta ture shi da hagu, ta juya fuska bango ta ce ita ba jaririya ba ce. Auta, hannun da aka bari a kwance daskarewa yake yi, na ga irinsa da yawa.

Na kai kukana wurin matar da ke kula da ɗakin motsa gaɓoɓi a nan. Ta tambaye ni abin da tsohuwar ta fi son yi da hannunta lokacin tana lafiya, ta ce da shi ake farawa. Amsar ta ba ni haushi, don ba ta wuce miƙa wa mutane magani ba.

Ga saƙo nan tafe. Akwai na'urar gwada jini, ki ajiye ta a bakin taga inda gwangwani yake a da. Duk wadda ta shigo riƙe da kai a ɗaura mata, in ya hau a tura ta asibiti. Wannan dai ko unguwa duka ta zo ba za ta ƙare ba. Akwai maganin Inna, akwai kuma na matar tela, daidai wanda likita ya rubuta mata, don ba iri ɗaya ba ne. Kada ki haɗa su. Ba don na huce na saya ba, don na ga uwata ba za ta haɗiyi abu tana kallon wata ba ta da shi ba.

Kowace safiya ki zaunar da su biyun a bakin gado. Ki ɗora ƙwayar matar tela a tafin Inna na dama. Na dama, Auta, ko ta yi fushi. Ki ce mata aminiyarta ba za ta sha ba sai ita ta miƙa mata, ita ma matar tela ki ja mata kunne kada ta kawo hannu ta tarye ta. Zai ɗauki lokaci. Ƙwayar za ta faɗi, za ta gangara ƙarƙashin gado, ki ɗauko wata ki sake ɗora mata. Kada tausayi ya sa ki riƙe mata gwiwar hannu. Idan ta miƙa, sai ta sha nata, kowacce ta buɗe wa 'yar'uwarta baki ta gani.

Ranar da hannun ya isa, kada ki tsaya rubutu. Ki kira ni, ki ba ta wayar. Wannan karon in ta ce lafiyarta lau, zan yarda.

Ki gaida matar tela. Ki ce mata ɗan da ta goya yana gaishe ta, marowacin nan.

Naki har kullum,
Yayanki.